Zauren intanet na matan 'yan asalin Amurka masu fita daga ƙangin ƙwaya: yana da amfani kuwa?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya, shekarata huɗu ina aiki a wani ƙaramin asibiti a jihar Minesota ta Amurka. Da yawa daga masu zuwa wurinmu matan ƙabilun asalin ƙasar ne da ke ƙoƙarin rabuwa da ƙwayoyi dangin tiramadol da kodin. An nemi in riƙa taimakawa a wani rufaffen zauren Facebook da aka buɗe musu, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Me hira a waya za ta yi wa mai irin wannan ciwo? Ina kuma gudun kada garin gyaran gira in rasa ido.

Amsa: Ƙanwata, sannu da aiki, sannu da sanyin Minesota. Amfani akwai shi, amma in kika auna shi da ma'aunin asibiti za ki ce babu. Zaure ba ya maye gurbin magani, kuma duk wanda ya ce miki yana yi, ki yi nesa da shi. Aikinsa shi ne ya riƙe mace a kusa da maganin, a lokutan da ke da likita kuka tashi daga aiki kuka rufe ƙofa. Na daɗe ina aiki da masu fama da jarabar ƙwaya, kuma abin da ya fi ci mini mutane ba rashin magani ba ne, a'a, mace ta fara sha, ta yi wata biyu, sai a neme ta a rasa.

Bari in fara da ciwon kansa, don masu karatun da ba su san fagen ba. Ƙwayoyin da ake kira opiyoyid dangi guda ne: mofin, kodin, tiramadol, oksikodon, hiroyin, sai autansu kuma mafi muni, fentanil. A Amurka bala'in ya fara ne daga takardar likita. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, aka yi ta tallarsa a matsayin maganin ciwo mai ƙarancin haɗarin kama mutum. Da aka tsaurara rubuta shi, waɗanda ya riga ya kama suka koma hiroyin, daga baya fentanil ya mamaye kasuwa. Shi fentanil ya ninka hiroyin ƙarfi kamar sau 50, kuma miligiram 2 kacal na iya kashe mutum. Daga 2021 zuwa 2023, a kowace shekara sama da mutum 100,000 ƙwaya ta kashe a Amurka. In aka rarraba lissafin bisa jinsin jama'a, 'yan asalin ƙasar ne a sama: a 2022 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga kusan mutum 65 cikin kowane 100,000 nasu. A Minesota inda kike abin ya fi haka muni, don alƙaluman ma'aikatar lafiyar jihar na 2021 sun nuna cewa haɗarin mutuwar ɗan asalin ƙasa ta wannan hanya ya ninka na farar fata kusan sau goma. Ƙabilun ba su zauna sun naɗe hannu ba. Al'ummar Cherokee ta maka manyan dillalan magunguna a kotu tun 2017, kuma a farkon 2022 aka yi sulhun dala miliyan 590 tsakanin ƙabilu da kamfanin Johnson & Johnson da manyan dillalai uku.

Maganin da ke aiki kin san shi, kullum kina miƙa shi: metadon, da bufurenofin wanda aka fi sani da sunan Suboxone, sai naltirekson. Biyun farko suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi muddin mutum yana kansu. Kalmar "muddin" ɗin nan ita ce gaba ɗaya maganar. Ranar da aka daina, kariyar ta tafi, kuma jikin da ya kwana biyu bai sha ba ba ya iya ɗaukar abin da yake ɗauka a da.

To ki kwatanta wannan a ranki. Watan Janairu ne, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe biyar, a waje sanyi ya kai wanda hunturun Zariya wasan yara ne a gabansa. Mace tana kwance ƙarfe biyun dare, jaririnta ya ƙi barci, gobe akwai zaman kotu kan babbar 'yarta da hukuma ta karɓe, ga lambar tsohon dilanta ba ta goge daga waya ba. Ranar ganin likitanta saura kwana tara. Wayar tana hannunta ko ta halin ƙaƙa. Abin tambaya kawai shi ne wa za ta taɓo da ita. In akwai zauren da za ta rubuta "ba na iya barci, zuciyata tana raya mini", wata da ta taɓa kwana irin wannan kwanan ta amsa mata cikin minti goma ta ce "ina nan, tashi ki ɗora ruwan shayi mu yi hira", to an ci ribar daren. Sha'awar ƙwaya tana zuwa ne kamar hadari, ta taso, ta yi duhu, ta wuce. Galibi abin da ake buƙata shi ne wanda zai tsaya da mutum har ta wuce. Wannan ne aikin zauren, kuma babu allurar da ke yin sa.

Za ki ce to me ya sa sai na mata zalla, kuma na 'yan asali zalla, alhali ga tarurrukan masu murmurewa birjik a kowane gari? Nan ne nake so ki zauna ki fahimta sosai, don in kika rasa wannan, sauran duk za ki yi ta mamakinsu ne.

Matan nan suna tsoron hukuma, kuma tsoron yana da tushe. Tun daga makarantar Carlisle da aka buɗe a 1879, gwamnatin Amurka ta yi shekaru tana kwashe 'ya'yan ƙabilu zuwa makarantun kwana, a aske musu gashi, a canja musu suna, a hana su yarensu. Binciken da ma'aikatar cikin gida ta yi a ƙarƙashin Deb Haaland, wadda ita kanta 'yar ƙabilar Laguna Pueblo ce, ya ƙirga irin waɗannan makarantu 417, ya kuma tabbatar da mutuwar yara aƙalla 973 a cikinsu. Bayan makarantun sai ma'aikatan jin daɗin jama'a suka ɗora. Kafin a yi dokar kare 'ya'yan Indiyawa, wato 'yan asalin Amurka kamar yadda hukuma ke kiransu, a 1978, tsakanin kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na yaran ƙabilu an raba su da iyayensu, mafi yawa aka kai su gidajen da ba na ƙabilarsu ba. Ita kanta dokar sai da aka kai ta har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da ita a watan Yunin 2023. Sannan ga abin da ya shafi aikinmu kai tsaye: a 1976 ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya gano an yi wa mata 3,406 aikin tsayar da haihuwa na dindindin tsakanin 1973 da 1976, a yankuna huɗu kawai cikin goma sha biyu na hukumar lafiyar Indiyawa, kuma takardun amincewar ba su cika ƙa'ida ba. Matar da ke zaune gabanki, kakarta ko gwaggonta ta ga wannan zamanin da idonta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Farar rigarki tsumma ce a wurinta, ko da zuciyarki fara ce. Wata malama 'yar Lakota, Maria Yellow Horse Brave Heart, ita ta yi fice wajen bayyana wannan a matsayin raunin tarihi, wato miki da baƙin cikin da ba a yi makokinsa ba, yana bin zuriya daga uwa zuwa 'ya.

Ki haɗa wannan da halin yau. Mace mai ciki da ke shan ƙwaya ta san cewa a jihohi da yawa, in aka haifi jariri da alamar ƙwaya a jikinsa, za a sanar da hukumar kare yara. Sai ta zaɓi ɓoyewa, ta ƙi zuwa awo, ko ta yanke maganin da kanta a gida, wanda haɗari ne gare ta da abin da ke cikinta. Shawarar likitoci ita ce mai ciki ta ci gaba da metadon ko bufurenofin. Ke in kika faɗa mata haka, za ta gyaɗa kai ne kawai. Amma in wata a zaure ta ce mata "ni a kan maganin na haihu, an riƙe ɗana kwana kaɗan a asibiti ana lura da shi, ga shi nan yana rarrafe", ta tura hoton ƙafarsa, wannan maganar tana shiga. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ba mu kaɗai muka san haka ba. Abin da ya sa aka yi nasara a shirye-shirye irin na MOMS, shirin kula da masu ciki na al'ummar White Earth, can arewa maso yammacin jiharku, ke nan: an haɗa magani da kula da ciki da al'ada a wuri guda, a hannun mutanen gida.

Batun maza kuwa, wani binciken ma'aikatar shari'ar Amurka da aka fitar a 2016 ya nuna sama da kashi 84 cikin ɗari na matan 'yan asali sun fuskanci wani nau'in cin zarafi a rayuwarsu, fiye da rabi kuma cin zarafin ta hanyar lalata ne. Sau da yawa wanda ya fara miƙa mata ƙwayar shi ne mai dukanta, shi ne kuma uban 'ya'yanta. Ba za ta buɗe baki ta faɗi wannan a ɗakin da maza ke zaune ba. A ƙaramin gari kuma akwai wata matsalar da ke kin san irinta tun daga gida: mai karɓar kati a asibiti 'yar ƙanwar babarta ce, mai gadi surukin maƙwabcinta ne, motarta in aka gan ta a ƙofar asibitin masu shaye-shaye da safe, kafin azahar labari ya zaga. A birni kuma, inda kusan kashi 70 cikin ɗari na 'yan asalin suke zaune yanzu, matsalar ta juye: tana iya shiga taro ta tarar ita kaɗai ce irinta, ta ɓata rabin lokacin tana bayanin ko ita wace ce. Zauren intanet yana warware duka biyun, yana ba ta nesa da idon gari, da kusanci da masu irin tarihinta.

Kada kuma ki ɗauka intanet ce ta koya musu taimakon juna. Wayar sabuwa ce, tsarin tsoho ne. Tun a 1799 wani malamin ƙabilar Seneca da ake kira Handsome Lake ya tashi yana wa'azin barin giya a cikin mutanensa. A farkon shekarun 1970, a ƙauyen Alkali Lake da ke yammacin Kanada, inda giya ta kusa cinye kowa, mace guda ce, Phyllis Chelsea, ta fara dainawa bayan 'yarta ƙarama ta ƙi bin ta gida. Mijinta ya bi bayanta, suka yi shekaru kusan su kaɗai, daga baya mafi yawan ƙauyen suka biyo. A 1988 Don Coyhis, ɗan ƙabilar Mohican, ya kafa ƙungiyar White Bison a jihar Kolorado, wadda ta haifar da yunƙurin da suke kira Wellbriety, kalmar da ta haɗa lafiya da barin maye. Sun ɗauki matakai goma sha biyun nan da aka sani a tarurrukan masu barin giya, suka ɗora su a kan koyarwar gargajiyarsu, har da tsari na musamman don mata. Coyhis yana da wani misali da nake so: in ka tumɓuke bishiya marar lafiya daga daji, ka yi mata magani, ka mayar da ita cikin ƙasar da ta sa ta ciwo, ciwon zai dawo, don haka dajin ne gaba ɗaya ke buƙatar jinya. Lokacin kullen korona a 2020 da'irorinsu na zaman tattaunawa da yawa suka koma Zoom, kuma ba su dawo duka ba, don an gano akwai matan da sai a lokacin suka samu halarta.

An taɓa gayyata ta irin wannan da'ira a matsayin mai saurare, kuma ta gyara mini tunani. Mata goma sha wani abu ne a ƙananan tagogin allo, wata a cikin mota ta ajiye a gefen ɗakin karatu don ta samu intanet, wata ta rufe kyamara sai murya. Dattijuwar da ke jagoranta ta kunna wani busasshen ganye mai ƙamshi a cikin ɓawon kifin teku, ta ɗago shi gaban kyamara, hayaƙin ya rufe fuskarta na ɗan lokaci. A da'irar gaske akan miƙa gashin tsuntsu ko sanda daga hannu zuwa hannu, mai riƙe da shi kaɗai ke magana. A nan sai ta riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Babu katsewa, babu ba da shawara, babu "da kin yi kaza". Aka zo kan wata ta yi shiru, ina jin ya kai minti guda. Ni da tarbiyyar asibiti har na matsu, ina so in ce wani abu in cike gurbin. Babu wadda ta motsa. Can ta ce ta sha ranar Asabar bayan wata bakwai, ta ji kunyar dawowa. Dattijuwar ta ce mata kawai sun ji daɗi da ta zo, ta tambaye ta ko akwai Narcan, maganin farfaɗo da wanda ƙwaya ta yi wa yawa, a gidan, ta wuce kan ta gaba. Bayan an tashi na ga mata uku sun tsaya da ita. Rabin awar farko kuwa, kafin a shiga wannan, dariya ake yi da tsokana da nuna aikin duwatsun ado da kowa ke yi. Raharsu tana da kaifi, kada ta firgita ki.

Masu bincike ma sun shiga. A nan jiharku, wata tawaga daga asibitin Mayo, tare da kwamitin mashawarta na 'yan ƙabilun, ta tsara rufaffen zauren Facebook mai suna Wiidookaage'win don matan da ke kan maganin opiyoyid. Sunan daga harshen Ojibwe ne, yana nufin wuri da lokacin taimako. Abin lura a tsarin shi ne an sa masu kula da aka horar, an kuma shirya abubuwan da za a riƙa sakawa tun farko, kan rage damuwa da al'ada da inda ake samun taimako, matan da kansu suka duba suka ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. Gwaji ne na mata kaɗan, an yi shi don a ga ko za su karɓa su kuma zauna a ciki. Saboda haka in wani ya zo yana cewa an tabbatar Facebook yana warkar da jaraba, ya yi wa binciken ƙarin gishiri.

Yanzu ga inda tsoronki yake da gaskiya, kuma ina so ki riƙe shi, kada ki yar.

Sirri shi ne na farko. Dokar sirrin marasa lafiya ta Amurka, da dokar musamman mai kare bayanan masu jinyar shaye-shaye, suna ɗaure asibitinku ne. Ba sa ɗaure Facebook, ba sa ɗaure mambar da ta ɗauki hoton allo ta tura wa wani. Zaure rufaffe yana hana baƙo gani, amma na ciki suna ganin sunan juna da hoton juna, kuma a al'ummar da kowa ɗan'uwan kowa ne, ba wuya mace ta tarar da dangin tsohon mijinta a ciki. Hoton allo guda yana iya bayyana a kotun riƙon yara. Dole a faɗa wa kowace mace wannan ƙarara kafin ta shiga, a kuma nuna mata yadda za ta rubuta ba da sunanta ba in zauren ya ba da dama, da yadda za ta kashe sanarwar da ke faɗowa kan allo. Wannan na ƙarshen ƙaramin abu ne a ido, amma ga matar da mijinta ke bincika wayarta kowane dare, shi ne bambancin kwana lafiya da kwana da kumburin fuska. Ku ajiye bayanin layin StrongHearts, wanda aka buɗe a 2017 don 'yan asali masu fuskantar cin zarafi a gida, a saman zauren inda kowa zai gani, tare da layin gaggawa na 988.

Akwai kuma abin da ya shafe ki ke kanki, wanda da yawa ba sa tunawa sai ya faru. Ke ma'aikaciyar jinya ce, doka ta wajabta miki kai rahoto in kika samu dalilin zargin ana cutar da yaro ko an yi sakaci da shi. Rigar nan ba ta fita daga jikinki don kin shiga Facebook. In matan ba su san haka ba, wata ta saki jiki ta faɗi abin da ya tilasta miki kai rahoto, to kin zama maimaicin tarihin da na ba ki a sama, kuma zauren ya mutu a ranar. Ki bayyana matsayinki da iyakarki tun ranar farko, a rubuce. In wasu suka rage magana a gabanki saboda haka, haƙƙinsu ne.

Sai mafarauta. Duk inda aka tara masu rauni, kura na zagayawa. Dillalai suna sayar da jabun ƙwayoyi ta kafafen sada zumunta, masu kama da na kamfani sak, kuma a 2023 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta ce bakwai cikin goma na irin waɗanda ta gwada suna ɗauke da fentanil da zai iya kisa. Akwai kuma masu farautar marasa lafiyar kansu. A 2023 ɗin ne kuma asiri ya tonu a jihar Arizona, inda gidajen murmurewa na bogi suka riƙa kwasar 'yan ƙabilu, musamman Navajo, da alƙawarin magani da masauki, suna karɓar kuɗin inshorar gwamnati da sunansu ba tare da yi musu komai ba. Kuɗin da aka wawure ya haura dala biliyan 2, mutane sun ɓace wa danginsu, wasu sun mutu. Don haka ƙofar zaure ba a barin ta a buɗe. Kowace sabuwar mamba a san ta inda ta zo, a yi magana da ita baki da baki, kuma duk mai tallar gidan jinya ko bin mata ta saƙon sirri a fitar da ita ba tare da dogon shari'a ba.

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro kuwa daga masu kyakkyawar niyya yake fitowa. A wasu tarurrukan masu murmurewa har yau ana kallon mai shan metadon ko Suboxone a matsayin wadda ba ta tsarkaka ba, wai ta canja wata ƙwaya da wata ne. Wani lokacin maganar takan zo da rigar al'ada, a ce kakanninmu ba su san wannan ba. Na rasa wata maras lafiya ta wannan hanyar. Ta yi shekara guda cur a kan magani, ta samu aiki, sai wasu da take ganin girmansu suka yi ta nuna mata cewa saura mataki guda ta zama cikakkiya. Ta daina ba ta gaya mana ba. Sati biyar bayan haka aka kira mu. Tun daga ranar ba na sassauci a wannan batu: zauren da zai bar a kunyata mace kan maganinta gara babu shi. Dattijan ƙabilu da yawa sun riga sun tsaya a kan cewa addu'a da ɗakin gumi na ibadar gargajiyarsu da ganga da maganin likita ba kishiyoyi ba ne, kuma irinsu ya kamata a ba jagoranci. Ke aikinki a nan ƙarami ne bayyananne: in aka yi kuskure kan magani ki gyara a taƙaice, cikin ladabi, ki tuna musu cewa lokutan da suka fi haɗari su ne bayan fitowa daga kurkuku, bayan fitowa daga gidan jinya, da watannin bayan haihuwa lokacin da kowa ya watse aka bar uwa da jariri. Narcan kuwa tun 2023 ana sayen sa ba da takardar likita ba, kuma kowace mamba ya kamata ya kasance yana gidanta, wanda take zaune da shi ya san inda yake.

Batun intanet ɗin kansa ba zan daɗe a kai ba, kin fi ni ganinsa. Yankunan ƙabilu suna cikin wuraren da suka fi ƙarancin sadarwa a Amurka, kuma tallafin gwamnati da ke rage musu har dala 75 a wata daga kuɗin intanet ya ƙare a 2024. Wayoyi suna yankewa a ƙarshen wata, lambobi suna canjawa. Zauren da ya dogara ga bidiyo kaɗai ya zubar da matan da suka fi buƙatarsa. Rubutu da gajeren saƙon murya sun fi isa ko'ina.

Game da zamanki baƙuwa a cikinsu, shawarata ki shiga a matsayin mai hidima. Ƙabilun da gwamnatin tarayya ta amince da su sun haura 570, a Minesota kaɗai akwai 11, bakwai na Ojibwe, huɗu na Dakota, kuma bambancinsu ya kai na Bahaushe da Bayarabe. Kada ki karanta abu kan Navajo ki zo kina yi wa 'yar Ojibwe bayaninsa. Ki tambayi kowace yadda take kiran mutanenta, ki kuma bar tsohuwar kalmar nan ta "Jajayen Indiyawa" da muka taso da ita, zagi ce a kunnensu. In aka zo abin ibadarsu, ba dole ki shiga ba, kuma babu mai tilasta miki. Ki yi shiru cikin mutunci har a gama, kada kuma ki mayar da zauren wurin wa'azi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zauren da ke tafiya daidai, za ki tarar akwai wasu mata biyu ko uku da kowa ke kira inna ko gwaggo, waɗanda suka yi shekaru da barin sha, su ne ginshiƙin. Su ma mutane ne masu murmurewa, kuma karanta kukan wasu kowane dare yana cin rai. Ki matsa wa shugabanninku a biya su, a raba musu kwanakin aiki, a ba su wanda za su sauke wa nasu nauyin.

Na san a ƙasan tambayarki akwai tunanin gida, don duk wanda ya fito daga Arewa ya ga abin da kodin da tiramadol suka yi, har gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Binciken ƙasa da aka yi a shekarar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya nuna ɗaya cikin huɗu na masu shaye-shaye mace ce, amma a cikin masu karɓar magani ɗaya ce cikin ashirin. Kunya ce da tsoron mutuwar aure da tsoron a ƙwace 'ya'ya, kusan irin abin da kike gani a can, ko da yake tarihin ba ɗaya ba ne. In wata rana kika yi niyyar gwada irinsa a gida, ki tuna a zauren WhatsApp mambobi suna iya ganin lambar juna, kuma waya a gidajenmu sau da yawa ba ta mutum ɗaya ba ce.

Kafin ki amsa musu, ki je wurin wadda ta nemi taimakonki da tambaya guda, ki ga ko tana da amsa a rubuce: in wata ta rubuta ƙarfe uku na dare cewa ta sha kuma numfashinta yana yin ƙasa, ko ta ce ta gaji da rayuwa, wa zai gani, cikin minti nawa, kuma yana da adireshinta da lambar wani nata da ta yarda a kira? A yankunan ƙabilu motar asibiti tana iya ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta iso, wani gidan ma ba shi da lambar titi, sai kwatance. In sun tanadi wannan, ki shiga. In ba su tanada ba, ki ce za ki shiga da sharaɗin ku zauna ku rubuta shi a satin farko, a kuma liƙa a saman zauren sa'o'in da babu mai dubawa, don kada wata ta yi kira a lokacin tana zaton akwai mai ji.